Zaƙami, Bori da Lafiyar Ƙwaƙwalwa: Gaskiya da Ji-ta-ji-ta a Ƙasar Tasawa da Mayahi

Zaƙami, wanda wasu ke kira babba-jibji ko haukata-yaro, tsiro ne mai dogon farin fure da ƴaƴa masu ƙaya cike da ƙananan iri. Yana fitowa da kansa a kan juji da bayan gari da kangon gida, a ƙasar Tasawa da Mayahi da sauran ƙasar Hausa. Masana tsirrai suna kiransa Datura. Maganganun da ke yawo a kansa suna da yawa, wasu gaskiya ne, wasu rabin gaskiya, wasu kuwa ba su da tushe ko kaɗan.

Wadda ta fi yaɗuwa ita ce wai zaƙami yana buɗe ido a ga aljannu. Gane-ganen dai gaskiya ne. Wanda ya sha yakan yi hira da mutanen da ba su nan, yana tsintar abin da babu a ƙasa ko a jikin tufarsa. Amma dalilin sananne ne. Tsiron yana ɗauke da sinadaran atropine da scopolamine da hyoscyamine, waɗanda ke toshe aikin acetylcholine, wani sinadari da jijiyoyi ke isar da saƙo da shi. Shi ya sa ruɗewar ke zuwa tare da bushewar baki, faɗaɗar ƙwayar ido, zafin jiki ba gumi, bugun zuciya da sauri, da riƙewar fitsari. Yawancin waɗanda suka farfaɗo ba sa tuna abin da ya faru. Wannan gubar jiki ce, kuma ilimin gaibu da mai shi ba ya iya tunawa ba shi da amfanin kome. Malaman addini sun haɗu a kan haramcin abin da ke gusar da hankali, kuma zikirin Tijjaniyya da na Ƙadiriyya bai ginu a kan shan wani tsiro ba.

Ana kuma cewa ƴan bori da zaƙami suke hawa. Bori tsohon al'amari ne a jihar Maraɗi, har yana da matsayi a fada, inda Iya a Maraɗi da Inna a Tsibirin Gobir ke shugabantar masu yinsa. Jacqueline Monfouga-Nicolas ta wallafa littafi a kan borin wannan yanki a 1972. A lokacin girka, wato shigar da sabon ɗan bori, ana shan jiƙo, ana wanka da turare, kuma akwai rubuce-rubucen da suka ambaci zaƙami a haɗin wasu masu girka. Sai dai a fagen wasa, abin da ke ɗora iska a kan doki ko goɗiya, wato mai hawan, shi ne goge da ƙwarya da kirari da horon da aka daɗe ana yi. Mai hawan bori yana bin taken kowane iska, yana kwaikwayon tafiyarsa da muryarsa, sannan ya sauka da atishawa. Wanda zaƙami ya buge ba ya iya bin kowane tsari, kuma ba ya sauka don an tsai da kiɗa.

Sabuwar magana, wadda wayar salula ta kawo, ita ce wai Turawa yanzu da irin waɗannan tsirrai suke warkar da ciwon damuwa. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Ana bincike a kan psilocybin, sinadarin da ke cikin wasu nau'o'in naman kaza, kuma tun Yulin 2023 Ostareliya ta ba wasu likitocin ƙwaƙwalwa na musamman izinin amfani da shi ga masu damuwar da ta ƙi jin sauran magunguna. Amma psilocybin ta hanyar serotonin yake aiki, ba shi da dangantaka da zaƙami. Ana auna shi daidai, ana tsare majinyaci na sa'o'i a ɗakin kulawa, kuma ba a shigar da wanda ke da tarihin taɓin hankali a zuriyarsa. Ko a can ɗin ma ba a gama yarda ba: a Agustan 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da wani sinadarin, MDMA, a matsayin maganin firgicin da ke biyo bayan bala'i. Babu wata hukumar lafiya da ta ɗauki zaƙami maganin damuwa.

Cewa tsiron yana da amfani a likitance, wannan gaskiya ne. Da atropine ake ceton manomin da maganin feshin ƙwari ya yi wa guba, da shi kuma ake buɗe ƙwayar ido a asibitin ido. Bambancin yana wajen awo. Ƙarfin gubar yana canzawa daga tsiro zuwa tsiro, daga ganye zuwa iri, har ba wanda zai iya cewa ga adadin da ba ya cutarwa. Masu zuba shi a kunu ko zoɓo a wurin biki da sunan raha suna wasa ne da ran mutane, musamman yara.

Nono ko tsamiya ko manja ba sa karya gubar zaƙami. Ɗura wa wanda ya ruɗe wani abu yana iya shaƙe shi. Ruɗewar takan wuce cikin kwana ɗaya zuwa uku, don haka ba kowa ne ke haukacewa har abada ba, amma zafin jiki da jijjiga da lalacewar bugun zuciya suna iya kisa kafin nan.

Tramol, wanda ya fi zaƙami yawa a hannun matasa da masu aikin ƙarfi, ba ya cikin wannan rukuni. Maganin ciwo ne dangin ofiyom, yana kama mutum ya kasa bari, kuma yawansa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Sau da yawa akan ɗauki wannan faɗuwar bugun iska, a yi ta turare, alhali ƙwayar tana cikin aljihu. Ita kanta farfaɗiya da yawancin cututtukan ƙwaƙwalwa suna da magani, kuma addu'a ba ta hana zuwa asibiti.

Duk wanda aka gani ya ruɗe farat ɗaya, jikinsa da zafi, bakinsa a bushe, idanunsa a bubbuɗe, a kai shi likita mafi kusa ko asibitin gunduma na Tasawa ko na Mayahi ba da jinkiri ba, a tafi da ragowar abin da ya sha, kuma kada a ɗaure shi ko a bar shi cikin rana.