Ciwon Gaba Mai Daɗewa Ga Mata: Aikin Likita Da Hukuncin Shari'a

  

'Yan'uwa, darasinmu na wannan fitowa yana da nauyi a baki, amma dole a yi shi. Tambayar tana yawan zuwa ta hannun malamai mata na makarantun Islamiyya a Nima da Mamobi, kuma kusan kullum da sunan wata ake kawo ta: "Wata ƙawata ce, gabanta na mata zafi kamar an zuba barkono, wata da watanni, ta sha magani ta gaji, mijinta ya fara cewa ba ta son shi." Wanda zai ce maganar ba ta dace da jaridar masallaci ba, ya tuna Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yaba wa matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman fahimtar addini. Fatima 'yar Abu Hubaish kuwa da bakinta ta tambayi Manzon Allah (SAW) game da jinin da ya ƙi tsaya mata, ya bayyana mata cewa daga jijiya yake, ya raba mata shi da haila. Ka ga ya ɗauki abin a matsayin larurar jiki, ya ba ta hukunci, ba tare da ya tsawata mata ba.

Zafin farji yana da dalilai da yawa. Akwai ciwon sanyi mai tafiya yana dawowa, musamman ga mai ciwon suga. Akwai cutar fata da ke sa wurin ya yi fari-fari, yana ƙaiƙayi yana tsagewa. Wannan tana jin maganin shafawa, amma tana bukatar likita ya riƙa dubawa, don idan aka ƙyale ta shekaru tana iya rikiɗewa zuwa daji ga wasu 'yan kaɗan. Akwai ƙurji ko kumburi a bakin farji, da tabon ɗinkin haihuwa, da tabon kaciya, da bushewar da ke zuwa bayan haila ta ɗauke. Duk waɗannan likita na iya ganinsu da ido ko da gwaji.

Sai kuma wanda ya fi rikita mutane. Mace ta yi wata 3 ko fiye tana fama da ƙuna da raɗaɗi, a duba ba ƙurji, a yi gwaji ba ƙwayar cuta. Likitoci suna kiransa bulbodiniya. Jijiyoyin da ke kai saƙon zafi ne suka zama masu saurin motsuwa, har taɓawa kaɗan ta zama kamar yankan reza. Sau da yawa naman ƙugu na ƙasa shi ma yana ɗaurewa saboda tsoron zafin, ɗaurewar kuma ta ƙara zafin. Wata sai an taɓa take ji, wato lokacin saduwa ko in ta sa matsattsen kaya. Wata ko zama a tirotiro daga Nima zuwa Makola azaba ne gare ta. Ba a ɗaukar wannan ciwo daga miji, ba a kuma sa wa miji, saboda haka zargin zina ba shi da gurbi a nan, kuma mai yin sa ya ji tsoron Allah.

To, da yake ido bai ga komai ba, sai mu cike gurbin da zato. Wannan ya ce jinnul ashiƙ ne, waccan ta ce kishiya ce ta yi asiri. Ruƙya da Alƙur'ani da addu'a alheri ne, mai lafiya ma yana bukata. Amma Annabin da ya koya mana ruƙya shi ne ya umarce mu da neman magani. Malamin da ya riƙe mace shekara guda yana karɓar kuɗinta, bai taɓa ce mata ta je asibiti ba, ya ci amanar ilimi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wuƙa. A ƙasar Hausa an daɗe da al'adar yankan gishiri: in amarya ta kasa jure saduwa, ko naƙuda ta yi tsawo, sai a kira wanzami ko ungozoma a yanka cikin farji, wai a buɗe hanya. Mafitsara tana nan dab da wurin. Cikin matan da ake yi wa aikin yoyon fitsari a asibitin Babbar Ruga na Katsina da cibiyar Laure da ke asibitin Murtala a Kano, akwai waɗanda wannan yanka ne ya jawo musu. Mace ta zo da ciwo ɗaya ta koma da biyu. Iyayenmu sun zo Zango da alheri mai yawa daga arewa, wannan kam ba ya cikin abin riƙewa. Nan Gana ma doka ta haramta kaciyar mata tun 1994, aka ƙara tsananta ta a 2007 da ɗaurin shekara 5 zuwa 10. Haka kuma kayan matsi da ake cusawa, da wanke wurin da Dettol ko sabulu mai ƙamshi, da tsugunno a kan turare mai zafi, duk ƙara hura wutar suke yi. Tsarki a shari'a ruwa ne mai tsarki, shi ke nan, kuma bayan wurin ake wankewa.

Yanzu hanyar asibiti. A fara da na kusa, kamar Babban Asibitin Mamobi, a tafi da katin inshorar lafiya. In an yi magani sau ɗaya, sau biyu, ba sauƙi, ki buɗe baki ki nemi takardar turawa zuwa ga ƙwararren likitan mata, a asibitin Rij ko Asibitin Koyarwa na Korle Bu. Kafin ki je, ki tsara bayaninki: yaushe ya fara, daidai ina ne, me ke tayar da shi, wane magani kika sha, har da na gargajiya, kar ki ɓoye. Likita yakan ɗauki ɗan tsinke mai auduga ya taɓa wuri-wuri a hankali don ya gane inda zafin yake. In ya yi miki yawa, ki ce a dakata, haƙƙinki ne.

Maganin mataki-mataki ne, kuma yana cin lokaci. Akwai man shafawa mai kashe zafi irin lidoken, akwai ƙwayoyin da ke kwantar da jijiya irin amitiriftilin, waɗanda sai sun yi makonni kafin a ga aikinsu, kuma ba a sayensu a kemis da ka. Akwai motsa jiki na musamman da ake koyarwa don sassauta naman ƙugu. Tiyata ita ce ta ƙarshe. Ana yin ta ne ga wadda zafinta ya tsaya a bakin farji kawai, mai tashi in an taɓa, bayan sauran hanyoyi sun gaza: a cire siririyar fatar da ke ciwon a rufe da lafiyayya. Mata da yawa masu irin wannan sun samu sauƙi da ita, amma wadda zafinta ya bazu ko'ina ba kasafai take amfana ba. Don haka kafin a sa hannu a takarda, a tambayi likitan ko ya saba yin irin wannan aiki, mene ne haɗarinsa, mako nawa ake jinya. Neman ra'ayin likita na biyu ba raini ba ne.

Saura batun al'aura, inda maza da yawa ke cijewa. Ƙa'idar fiƙihu sananniya ce: larura tana halatta abin da aka hana, gwargwadon larurar. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta jera abin haka: a fara neman likita mace Musulma, in babu sai mace wadda ba Musulma ba, in babu sai namiji Musulmi amintacce, sannan wanda ba Musulmi ba; a buɗe iya wurin da ake bukata, kuma miji ko muharrami ko wata amintacciyar mace tana wurin. Ƙwararru a wannan fanni ba su da yawa. In namiji ne kaɗai ya iya aikin, hana ta zuwa ba kishi ba ne na shari'a.

Malaman Malikiyya ma ba su kau da kai daga irin wannan ba. A Mukhtasar na Shaihu Khalil, wajen aibobin da ke ba da zaɓi a aure, an ambaci mace mai toshewar farji, aka ce a ba ta lokaci ta yi magani gwargwadon abin da masana suka gani, kuma in da shi aka haife ta, ba a tilasta mata aikin. Duba fa, littafin da aka rubuta sama da shekara 600, ya bar wa mace ta cewa a kan wuƙar da za a sa a jikinta. Hadisin da maza suka haddace kuwa, na tsinuwar mala'iku ga mai ƙin shimfiɗar miji, malamai sun ce a kan wadda ba ta da uzuri ne. Ciwo uzuri ne. Mijin da ya danne matarsa tana kuka ya saɓa wa umarnin zama da mata da kyautatawa da ke Suratun Nisa'i, ya kuma ƙara ɗaure naman da likita ke ƙoƙarin sassautawa. Alhaji, raka ta asibiti ka ji bayanin da kunnenka, ya fi maka kai ƙara wurin surukai.

Game da ibada: duba na likita ba ya wajabta wanka, kuma man da aka shafa daga waje ba ya karya azumi. Na cusawa ciki, a roƙi likita ya mai da shi na dare in Ramadan ne. Wadda zaman tahiya ke yi wa zafi, ko tana jinyar tiyata, ta tuna Imrana ɗan Husaini mai fama da basur, wanda Annabi (SAW) ya ba shi izinin yin salla a zaune in ya kasa tsayuwa, ko a kishingiɗe in ya kasa zama. Ta zauna yadda jikinta zai iya, ko a kan kujera da matashi, sallarta ta yi.