Bindiga a Amurka: abin da fim ba ya nunawa

Akwai batutuwa huɗu da ba a rasa mai ra'ayi a kansu a kowace majalisa: waya, fim, ƙwaya da bindiga. Ko wanda bai taɓa riƙe bindigar toka ba yana da fatawar da zai bayar kan mallakar makami. Tun da matsalar 'yan bindigar daji ta yi ƙamari a Zamfara, Katsina da Sakkwato, maganar da aka fi ji ita ce: "A bar kowa ya mallaki tasa mana, ai a Amurka haka ake yi, shi ya sa ba mai taɓa wani." In ka bi sawun wannan magana, yawanci ba ta wuce finafinan Hollywood da guntayen bidiyon TikTok. Tunda an sa Amurka a matsayin shaida, ya kamata a san abin da shaidar take faɗa.

Gaskiya ne tsarin mulkinsu ya ba da wannan 'yanci. Gyara na biyu da aka yi masa a 1791 ya hana gwamnati tauye haƙƙin jama'a na mallaka da ɗaukar makami, amma jimlar ta fara ne da ambaton rundunar sa-kai mai tsari da ƙasa ke buƙata don tsaronta. Kan wannan 'yar jimla lauyoyi suka shafe shekara fiye da ɗari biyu suna ja-in-ja: haƙƙin na kowane mutum ne, ko na waɗanda ke cikin rundunar? Sai a 2008 Kotun Ƙoli ta raba gardama, a shari'ar wani mai gadi a birnin Washington, Dick Heller, wanda yake riƙe bindiga a wurin aiki amma aka hana shi ajiye ƙaramar bindiga a gidansa. Alƙalai biyar suka ce yana da haƙƙi, huɗu suka ce ba shi da shi. Da ƙuri'a ɗaya tak aka tabbatar da abin da mutanenmu ke ɗauka tamkar tun fil'azal haka yake. A 2022 kuma kotun ta faɗaɗa haƙƙin zuwa fita da bindiga bainar jama'a, bayan ta soke wata tsohuwar dokar jihar New York.

Ƙungiyar NRA, wadda ta fi kowa tsayawa kan wannan fafutika, ba don siyasa aka kafa ta ba. Tsoffin sojojin yaƙin basasa ne suka kafa ta a 1871 don koya wa mutane saiti, ganin yadda dakarunsu suka riƙa ɓarnar harsashi a fagen fama. A taronta na Cincinnati a 1977 masu tsattsauran ra'ayi suka ƙwace ragama, daga nan ta zama dodon 'yan majalisa. Ta kuma san darajar fim: daga 1998 zuwa 2003 tauraron Hollywood Charlton Heston ne shugabanta.

To, ko kowa da tasa? Cibiyar Small Arms Survey da ke Geneva ta ƙiyasta a 2018 cewa akwai bindigogi kusan miliyan 393 a hannun fararen hula a Amurka, wato kimanin 120 ga kowane mutum 100. Babu ƙasar da ta kama ƙafarta. Amma binciken jin ra'ayi yana nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na manya ne kawai ke da bindiga. Tarin yana hannun waɗanda ke da biyar, goma, ashirin. Mafi yawan Amurkawa ba su da ko ɗaya.

Sai batun "ba mai taɓa wani". A 2021 hukumar lafiya ta CDC ta lissafa mutum 48,830 da bindiga ta kashe. Abin da ba a faɗa a majalisa shi ne 26,328 daga cikinsu su ne suka harbe kansu. Kisan kai na wani ya kashe wani ya ɗauki 20,958, kuma yawancinsa da ƙaramar bindigar hannu aka yi shi, a rigimar unguwa, ko ta masu dillancin ƙwaya, ko ta miji da mata. Dalilin bai da wuyar ganewa. Baƙin ciki da fushi sukan zo su wuce. Wanda ya sha guba ko ya ɗauki wuƙa sau da yawa ana ceto shi, ko wanda ya sara. Harsashi ba ya jiran a huce. Tun daga 2020 bindiga ta zarce haɗarin mota wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 1 zuwa 19 a ƙasar. Wannan ɓangaren ba a yin fim a kansa, domin ba jarumi a ciki.

Abin da duniya ta fi ji shi ne harbin kan-mai-uwa-da-wabi a makarantu, duk da cewa ƙaramin kaso ne na adadin. Wanda ya faru a Uvalde, jihar Texas, ranar 24 ga Mayun 2022 ya cancanci a tsaya a kansa. Yaro ne da ya cika shekara 18 a watan, ya je shago ya sayi manyan bindigogi biyu samfurin AR bisa ƙa'ida, domin dokar tarayya ta yarda ɗan 18 ya sayi doguwar bindiga, ko da yake sai ya kai 21 zai sayi giya. Ya shiga makarantar firamare ta Robb ya shige aji. Jami'an tsaro 376 suka hallara, da sulke da garkuwa da manyan makamai. Suka tsaya a baranda da harabar makaranta minti 77, yara a ciki suna kiran lambar gaggawa da waya suna raɗa cewa a turo 'yan sanda, iyaye a waje suna kuka ana tare su. Kafin a kutsa a kashe shi, yara 19 da malamai mata biyu sun rasu. NRA ta daɗe tana wa'azin cewa maganin mugu mai bindiga shi ne nagari mai bindiga. A ranar akwai ɗaruruwan masu bindiga da horo da albashi, kuma tsoron bindigar da ke hannun yaro ɗaya na cikin abin da ya tsayar da su.

Duk lokacin da irin wannan ta faru, sai a waiwayi nishaɗi a ɗora masa laifi. Bayan harin makarantar Columbine a 1999, inda ɗalibai biyu suka kashe 'yan'uwansu ɗalibai 12 da malami ɗaya, an yi ta zargin wasan kwamfuta na Doom da mawaƙan da yaran ke saurare. A 2019 Shugaba Trump ya maimaita zargin bayan harin El Paso da na Dayton. Ni ba na cikin masu cewa abin da yaro ke kallo dare da rana ba ya tasiri a zuciyarsa. Duk mai 'ya'ya ya san yana yi. Sai dai zargin ya kasa amsa tambaya guda: matasan Japan da na Koriya ta Kudu suna buga wasannin nan kamar ba gobe, amma a Japan akwai shekaru da dama da waɗanda aka harbe har lahira a faɗin ƙasar ba su kai goma ba. Bambancin yana wajen sauƙin samun makamin. Kotun Ƙolin Amurka ma a 2011 ta soke dokar California da ta hana sayar wa yara wasanni masu zubar da jini, tana cewa hujjar da aka kawo ba ta tabbatar su ne sanadi ba.

Inda nishaɗi ke da hannu da gaske shi ne talla. Dokar tarayya ta 2005 ta kare masu ƙera bindiga daga ƙara idan an yi ta'asa da kayansu, amma iyalan wasu daga cikin waɗanda aka kashe a makarantar Sandy Hook a 2012, inda yara ƙanana 20 da manya 6 suka mutu, sun bi ta wata ƙofa. Suka ce kamfanin Remington ya tallata bindigar ga samari a matsayin shaidar cika namiji. A 2022 aka sasanta kan dala miliyan 73. A 2024 iyalan Uvalde suka kai ƙarar kamfanin da ya ƙera bindigar, Daniel Defense, tare da Meta mai Instagram da Activision mai wasan Call of Duty, bisa zargin cewa wasan ya saba wa yaron da makamin, shafin sada zumunta kuma ya kai masa tallarsa har cikin ɗaki. Zargi ne na masu ƙara, amma ya nuna inda gardamar ta koma.

Fasaha ta ƙara dagula lissafin ta wata fuskar. A 2013 wani ɗalibin lauya a Texas, Cody Wilson, ya saki zanen bindigar roba da ake iya ƙerawa da firintar 3D. Cikin kwana biyu an sauke zanen kusan sau 100,000 kafin gwamnati ta sa a cire. Bayan haka aka shiga sayar da sassan bindiga ta intanet, mutum ya harhaɗa a gida, ba lamba, ba rajista, ba binciken ko shi wane ne. A 2022 hukumar ATF mai kula da harkar makamai ta ce dole a sa wa irin waɗannan sassa lamba a kuma binciki mai saye, Kotun Ƙoli ta amince da hakan a Maris ɗin 2025. Ko Japan mai tsauraran dokoki ba ta tsira ba: da bindigar da aka harhaɗa a gida aka kashe tsohon Firaminista Shinzo Abe a Yulin 2022. Mu da muke da maƙera masu ƙera bindiga tun zamanin kakanni, wannan ba baƙon labari ba ne. Sabon abu shi ne yanzu zanen yana tafiya a waya.

Ƙwaya kuwa ta ɗaure da bindiga ta hanyar da masu cewa "a yi kamar Amurka" ba su cika sani ba. Duk wanda zai sayi bindiga a shago mai lasisi sai ya cike fom, a tura sunansa ga FBI a duba. Cikin tambayoyin akwai ko yana ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, kuma dokar tarayya ta haramta wa irin wannan mutum riƙe bindiga. Jihohin Colorado da Washington sun halatta wiwi tun 2012, wasu fiye da ashirin suka bi sahu, amma a idon gwamnatin tarayya mai zuƙarta bai cancanci bindiga ba. A kan wannan fom ne aka kama Hunter Biden, ɗan shugaban ƙasa mai ci a lokacin shari'ar: ya sayi ƙaramar bindiga a Delaware a 2018 ya ce ba ya shan komai alhali yana fama da hodar iblis. Kotu ta same shi da laifi a Yunin 2024, mahaifinsa ya yi masa afuwa a Disamba. Sai dai tsarin yana da ɓaraka babba, domin a jihohi da yawa in mutum ya sayar wa maƙwabcinsa ba a buƙatar wani bincike.

Ta irin wannan ɓaraka makamai ke kwarara kudu zuwa Meziko, ƙwaya kuma tana haurowa arewa. Fentanil da 'yan'uwanta sun sa mutuwar wuce-kima a shan ƙwaya ta haura 100,000 a shekara a Amurka tsakanin 2021 da 2023, fiye da ninki biyu na waɗanda bindiga ke kashewa. A ɗaya ɓangaren, kusan kashi 70 cikin 100 na bindigogin da aka kama a Meziko aka bi diddiginsu daga Amurka suka fito. Gwamnatin Meziko ta kai ƙarar kamfanonin a 2021 tana neman diyyar dala biliyan 10, Kotun Ƙolin Amurka ta yi watsi da ƙarar a Yunin 2025. 'Yancin da aka ba mutumin Arizona, mutumin Sinaloa a Meziko ne ke biyan wani kaso na kuɗinsa.

Wasu ƙasashen sun bi wata hanya. Bayan kisan mutum 35 a Port Arthur a 1996, Ostireliya ta haramta bindigogi masu sarrafa kansu ta kuma sayi kusan 650,000 daga hannun jama'a ta lalata. Birtaniya ta haramta ƙananan bindigogi a 1997 bayan kisan yara 16 da malamarsu a Dunblane.

Duk wannan bai amsa kukan manomin Zurmi ko Batsari ba, kuma rashin adalci ne a yi kamar ya amsa. Ba'amurken da ke ajiye bindiga yana da ofishin 'yan sanda da ke ɗaga waya. Mutumin da ake sace wa mata da shanu, aka sa wa ƙauyensu haraji kafin a bar su girbi, yana magana ne daga wurin da hukuma ta janye. Shi ya sa Janar T.Y. Danjuma ya ce jama'a su kare kansu a Jalingo a 2018, Gwamna Aminu Masari ya faɗi makamancin haka a Katsina a 2021, gwamnatin Bello Matawalle kuma ta umarci mutanen Zamfara su nemi lasisin bindiga a ƙarshen Yunin 2022, kwanaki kaɗan bayan hukuncin nan na Kotun Ƙolin Amurka kan dokar New York. Babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Dokar makamai ta Najeriya, wadda asalinta ta 1959 ce, ta bar lasisin manyan makamai a hannun shugaban ƙasa, na bindigar farauta a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda.

A ganina mai goyon bayan ba jama'a makami yana da hujjar da zai kafa, amma daga Zamfara zai samo ta, ba daga Texas ba, kuma akwai tambayoyin da ke jiransa. Wa zai riƙe rajistar? Wa zai tantance wanda ke shan tramadol ko kodin, a ƙasar da binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da ƙwaya? Ina kundin masu laifi da za a duba suna a ciki kafin a miƙa makamin, kamar yadda FBI ke yi? Mun kuma riga mun ɗanɗana: 'yan sa-kai sun kare garuruwa da dama, amma kashe-kashen da wasunsu suka yi a kasuwanni ba tare da shari'a ba suna cikin abin da ya hura wutar ramuwar gayya tsakanin Hausawa da Fulani a dajin Zamfara. Kuma lasisin da gwamna zai iya roƙa wa talaka na bindigar harbin tsuntsu ne, alhali wanda zai zo masa da dare AK-47 ce a kafaɗarsa.