Ƙananan Kyamarorin Tsaro a Gidajen Ƙasar Maraɗi

Kyamarar tsaro na'ura ce da ake kafawa a wuri ɗaya domin ta riƙa ɗaukar hoton abin da ke wucewa a gabanta dare da rana, tana adana shi a cikin katin ajiya ko tana aika shi zuwa wayar mai ita ta hanyar intanet. Tunanin sanya irin wannan ido a gidan zama ya girmi wayar hannu, domin tun a 1966 wata ma'aikaciyar jinya a birnin New York na Amurka, Marie Van Brittan Brown, ta nemi rajistar wani tsari da ta ƙirƙira tare da mijinta, wanda ke nuna wa mai gida fuskar wanda ke bakin ƙofa a kan allon talabijin, aka kuma ba ta takardar mallaka a 1969. Abin da ya sauya daga baya shi ne girma da farashi, musamman bayan da kamfanonin ƙasar Sin irin su Hikvision da Dahua suka cika kasuwannin duniya da kyamarorin da ba su wuce dunƙulen hannu ba, har ta kai ɗan kasuwa mai matsakaicin ƙarfi na iya sayen ɗaya a shagon masu sayar da waya.

Gundumomin Gidan Rumji da Agiye da Gazawa na jihar Maraɗi a Nijar, waɗanda babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya ta ratsa su a kan hanyarta daga Yamai zuwa Damagaram, wuri ne da ya dace a auna amfanin wannan na'ura da kuma iyakarta. Ƙasa ce ta noman gero da wake da gyaɗa da aya, da kiwon jar akuyar da sunan Maraɗi ya fita da ita, don haka dukiyar mutane tana cikin rumbu da ɗakin ajiyar buhuna da turken dabbobi da babur ɗin da ke kwana a zaure. Sai dai barazanar da ke fuskantar wannan dukiya iri biyu ce, kuma haɗa su wuri ɗaya kuskure ne mai tsada. Akwai ƙaramar sata ta ɓarawon da ke haura katanga shi kaɗai, wanda galibi ya san gidan, yake kuma tsoron a gane fuskarsa. Akwai kuma harin 'yan bindiga masu satar shanu da garkuwa da mutane, wanda ya addabi ƙauyukan kan iyaka, ya kuma koro dubun dubatar 'yan gudun hijira daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi tun daga 2019, har Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsugunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Kyamara tana da tasiri a kan ɓarawon farko, saboda abin da yake gudu shi ne tonon asiri. A kan na biyu kuwa tasirinta kaɗan ne ƙwarai, domin wanda ya zo da bindiga a cikin ayarin babura bai damu da a gan shi ba, kuma na'urar da ke ƙyalli a saman ƙofa tana iya zama alamar cewa akwai abin ɗauka a gidan. Duk mai sayarwar da ya ce wa manomin kan iyaka kyamara za ta tsare masa iyalinsa daga irin wannan hari ya yaudare shi.

Abu na farko da ke yanke hukunci a kan ko kyamara za ta yi aiki shi ne wutar lantarki, kuma a nan garin Gazawa yana da matsayi na musamman, domin ta can ne babban layin wuta mai ƙarfin kilobolt 132 da ya taso daga Katsina yake shigowa, kafin ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram a ƙarƙashin kamfanin NIGELEC. Lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli da takunkumin ƙungiyar CEDEAO, garuruwan da ke kan wannan layi sun ɗanɗana doguwar ɗaukewar wuta har zuwa farkon 2024, alhali ƙauyuka da yawa dama layin bai taɓa isa gare su ba. Kyamarar da ta dogara da wutar gari kaɗai tana mutuwa ne daidai lokacin da duhu ya rufe unguwa, wato lokacin da aka fi bukatarta. Lissafin maganin wannan ba shi da wuya: na'urar da ke cin wat 5 tana bukatar wat-awa 120 a cikin awa 24, don haka batirin da za a haɗa mata dole ya iya ɗaukar dare guda cur har da rara, farantin hasken rana kuma ya iya cika shi a yini ɗaya ko da ƙura ta rage ƙarfin rana. Kyamarorin da ake sayarwa da ƙaramin faranti da batiri a jikinsu suna tsimin wuta ne ta hanyar yin barci har sai sun ji motsi, kuma wannan tsimi yana da nasa farashin.

Abin da ke tayar da irin wannan kyamara daga barci wani ɗan ma'auni ne mai jin ɗumin jiki, wanda ke lura da bambancin zafi tsakanin mutum mai tafiya da abin da ke bayansa. An ƙera shi ne da tunanin cewa jikin ɗan Adam, mai zafin kusan digiri 37, ya fi kewayensa ɗumi. A bazarar Maraɗi kuwa, a watannin Afrilu da Mayu, zafin rana yakan haura digiri 40, katangar laka ko ta siminti kuma tana riƙe wannan zafi har bayan sallar isha'i, ta yadda mutum zai iya gittawa a gabanta ba tare da ma'aunin ya bambanta shi da bango ba. Zafin yana kuma rage tsawon ran batiri, shi ya sa kafa na'ura a ƙarƙashin inuwar indararo ko wata 'yar rumfa ya fi barin ta tsirara a rana. Da hunturu matsalar ƙura ce, wadda ke kwanciya a kan gilashi da faranti, ta mai da hoton dare fari fat saboda hasken kyamarar yana dawowa daga ƙwayoyin ƙurar. Da damina kuma ƙwari ne. Ƙananan fitilun da ke zagaye da idon kyamara suna fitar da wani haske da idon mutum ba ya gani, wanda da shi take ɗaukar hoto baƙi da fari a cikin duhu, kuma gizo-gizo yana son saƙa yanarsa a daidai wurin. Zare ɗaya da iska ke kaɗawa a gaban gilashi ya isa ya sa wayar mai gida ta yi ta ƙara har asuba, kuma mutumin da ƙararrawar ƙarya ta hana shi barci dare uku yakan kashe ta a na huɗu. Goge gilashin da tsumma mai laushi sau ɗaya a mako yana cikin aikin da ba a tsallakewa.

Wurin kafawa shi ne inda mafi yawan masu saye ke asarar kuɗinsu. Kyamarar da aka rubuta wa 1080 tana raba faɗin hotonta zuwa ɗigo 1920, ƙa'idar masana kuma ita ce ana bukatar kusan ɗigo 250 a kan kowace mita kafin a iya tantance fuskar wanda ba a sani ba, abin da ke nufin faɗin wurin da take kallo bai kamata ya kai mita 8 ba. Wanda ya ɗora ta can ƙololuwar soro domin ya ga fili duka zai samu hoton hula da rawani da kafaɗu, ba tare da fuska ko ɗaya ba. Tsarin gidan Bahaushe ya sauƙaƙa wannan matsala, tunda zaure mashiga ce guda da kowa ke bi, kuma na'urar da aka kafa a tsayin mita biyu da rabi zuwa uku tana kallon bakinsa, ko bakin ɗakin ajiya, ko ƙofar garke, ta fi guda uku da aka warwatsa a kan katanga. A kula kuma da gabas da yamma, domin idan rana tana bayan mai shigowa, inuwarsa kawai za a gani.

Batun ajiya shi ma lissafi ne. Hoton da ke gudana a kan megabit ɗaya cikin daƙiƙa yana cin kusan gigabait 11 a yini, wanda ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai sayen data a layin Airtel ko Moov ko Zamani, balle a ƙauyen da sadarwar ke zuwa tana ɗaukewa. Abin da ya fi dacewa shi ne a bar hoton a katin ajiya, a riƙa aika gajeren saƙo zuwa waya idan an ga motsi kawai. Raunin wannan tsari shi ne ɓarawon da ya cire kyamarar ya tafi da shaidar gaba ɗaya, don haka masu hali sukan ja waya zuwa akwatin naɗi da aka ɓoye a ɗaki. Agogon na'urar ma yana bukatar dubawa bayan kowace ɗaukewar wuta, saboda hoton da ke ɗauke da kwanan wata na ƙarya yana raunana ƙarar da aka kai gaban jandarma ko alƙali.

Akwai iyakar da ba ta fasaha ba, kuma ta fi sauran nauyi. Zaure a al'adar Hausa shi ne shingen da ke raba baƙo da cikin gida, inda mata ke harkokinsu ba tare da lulluɓi ba, kuma Alƙur'ani ya hana bin diddigin asirin mutane a Suratul Hujurat, ya kuma wajabta neman izini kafin shiga gidan wani a Suratun Nur. Kyamarar da ke leƙa tsakar gidan maƙwabci ta saman danga, ko wadda aka ɓoye domin sa ido a kan mata ko 'yan aiki ba da saninsu ba, ta fita daga tsaro ta koma cin mutunci, kuma ɓarnar da take yi wa amana a cikin gida ta fi ƙarfin buhun da take tsarewa. Dokar Nijar ma ta ɗauki hoton da ake iya gane mutum da shi a matsayin bayanin sirri, a ƙarƙashin dokar kare bayanan jama'a ta 2017 wadda aka sabunta a 2022, da hukumar HAPDP mai kula da aiwatar da ita. Watsa hoton wanda ake zargi a WhatsApp kafin hukuma ta bincika yana iya jawo a far wa marar laifi, musamman da yake hoton dare yakan sa mutum biyu su yi kama. Wurin da ya dace a kai shi shi ne hannun mai gari da jami'an tsaro.

Haɗarin leƙen yana iya zuwa daga nesa ma. Kyamarori da yawa suna fitowa daga masana'anta da kalmar sirri iri ɗaya, kuma a 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta yi amfani da wannan sakaci ta mamaye dubban ɗaruruwan na'urori a duniya, ciki har da kyamarorin gida. Saboda haka mai gida ne ya kamata ya sauya kalmar da hannunsa bayan mai haɗawa ya gama aiki, ya kuma tabbatar an cire asusun daga wayar mai haɗawar kafin ya sallame shi, domin in ba haka ba wani na waje zai ci gaba da ganin ƙofar gidan da masu shige da ficenta duk lokacin da ya ga dama.