Raƙuman Dawan Kure Da Masu Bin Hanyar Doso

Duk ɗan kasuwar da ya ɗauko kaya daga Ƙonni ko Gaya zuwa Yamai, ta Kure yake ratsawa. Nan raƙuman dawa ke kiwo cikin gonakin mutane, babu shinge. A 1996 ba su kai 50 ba. Kafin 2020 sun haura 600, har aka kai takwas Gadabeji a 2018.

Harin Agustan 2020, da ya ci rayuka takwas, ya kori masu yawon buɗe ido, 'yan jagora suka shiga wani hali. Idan mun tsaya kallo, mu ɗauki jagora, kada mu kutsa daji da mota, mu kwashe ledojinmu inda muka yada zango. Direbobinmu kuwa, a rage gudu, dabbobin sukan tsallaka kwalta, an sha kaɗe su.