Asfirin, Ɓeraye da Ƙarin Jijiyar Kunne

A cikin kan ɗan Adam akwai wata jijiya da take ɗaukar saƙon ji da na daidaiton tsayuwa daga kunne zuwa ƙwaƙwalwa. Kamar yadda ake naɗe wayar lantarki da roba, haka wasu ƙwayoyin halitta suke lulluɓe da ita, waɗanda aka raɗa wa sunan masanin nan Bajamushe, Theodor Schwann. Wani lokaci waɗannan ƙwayoyi sukan yi ta hayayyafa babu ƙaƙƙautawa har su zama ƙari. Wannan ƙari ba ciwon daji ba ne, domin ba ya yaɗuwa zuwa sauran sassan jiki. Amma fa wurin da yake tsirowa matsattse ne ƙwarai, saboda haka in ya girma sai ya danne jijiyar, ji ya ragu, kunne ya riƙa ƙugi, jiri ya addabi mai shi. Galibi tushen abin shi ne lalacewar wata ƙwayar gado mai suna NF2, wadda aka gano a 1993.

Fiɗa da gashi su ne manyan hanyoyin magani, kuma kowannensu yana iya ƙarasa jin da ake ƙoƙarin cetowa. Wannan ne ya sa masana suka waiwayi magungunan da aka daɗe ana sha, waɗanda aka riga aka san illolinsu, ga kuma araha.

A 2014 wasu likitoci a birnin Boston na Amurka suka duba bayanan majinyata 347. Cikin mutum 81 da suke shan asfirin, ƙarin ya girma a jikin 33. Cikin 266 da ba su sha kuwa, ya girma a jikin 154. Dalilin da aka yi zato shi ne, ƙarin yana cike da wani sinadari mai haddasa kumburi da ake kira COX-2, asfirin kuwa yana daƙile shi. Sai dai duba tsofaffin fayiloli ba gwaji ba ne, don mai shan asfirin yana iya bambanta da wanda ba ya sha ta fuskar shekaru da wasu cututtuka.

Nan ne ɓeraye suka shigo. A Jena ta ƙasar Jamus an lalata wa wasu ɓeraye ƙwayar NF2, aka murje musu babbar jijiyar ƙafa, sai ƙari ya tsiro a gurbin raunin. Rahoton 2016 ya nuna waɗanda aka ba asfirin ƙarinsu bai kai na sauran girma ba. To, amma a 2018 masana a Jami'ar Indiana suka ba da labarin da ya saɓa. Sun ciyar da nasu ɓerayen celecoxib, maganin da ya fi asfirin auna COX-2 kai tsaye, amma bai hana ƙarin fitowa ba, bai kuma tsare ji ba. Wannan sakamako, ko da yake bai yi wa kowa daɗi ba, yana da nauyi, domin ɓerayen Indiana a jijiyar kunne ƙarin nasu yake tsirowa kamar na mutum, ba a ƙafa ba. Har ila yau, wasu asibitoci da suka sake duba bayanan majinyatansu ba su ga alaƙar da aka gani a Boston ba. Ya kamata ɗalibi ya sani cewa asfirin yana iya jawo zubar jini a ciki, kuma ba a ba yara shi sai da izinin likita.

Wani magani kuma, losartan na hawan jini, ya ɓullo ta wata hanya dabam. Binciken da aka buga a 2021 ya nuna bai hana ƙarin ɓeraye girma ba, amma ya rage kumburi da taurin naman da ke kewaye da jijiyar, jinsu ya tsira, kuma gashi ya ƙara yin tasiri a kan ƙarin.