Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Tsare Mu Daga Haɗari

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Masana sun gano dalilin haka. Can cikin ƙwaƙwalwarmu akwai ƙananan sassa biyu, dama da hagu, da ake kira amigdala, waɗanda ba sa saurin manta abin da ya taɓa firgita mu. Da ido ya hango wani abu kwance a hanya da magariba, tun ba mu tantance ba sun aika saƙo. Nan take zuciya ta hau bugawa, ƙafa ta ja baya. Sai daga baya sashen da ke bayan goshi ya duba ko maciji ne ko igiya. Shi wannan sashe mai auna sakamako ba ya gama ƙosawa sai wajen shekara 25. Yana cikin dalilan da ke sa mu matasa ganganci a kan babur, alhali mun san haɗarin.