Ko Ka Sani? Fallen Ƙarfe Yana Faɗin Ciwonsa da Muryoyi Biyu

Wata shekara, tun yaƙin Sudan na 2023 bai ɓarke ba, na shiga kasuwar Umdurman neman babban faranti irin wanda mutanen Sudan ke jera kwanonin abinci a kai, wanda suke kira siniya, sai rabo ya kai ni rumfar wani dattijo Bahaushe, wanda kakansa ya taso daga ƙasar Sakkwato a ƙafa da niyyar aikin Hajji, Allah Ya ƙaddara zamansa a bakin Nilu. Na zaɓi wani mai ƙyalli na miƙa masa. Maimakon ya faɗi kuɗi, sai ya rataye shi da ɗan zare, ya ɗalle shi da farce, ya karkata kai kamar mai sauraron kiran salla daga nesa, sa'an nan ya mayar da shi gefe ya ce, "Ɗana, bar wannan, muryarsa ta shaƙe." Na ce, "Baba Alhaji, ai ban ga aibinsa ba." Ya ce, "Ba za ka gani ba, ji ake yi." Ya ɗauko wani ya ɗalle, amonsa ya daɗe yana yawo cikin rumfar kafin ya mutu. Da muka juya na farkon ga hasken rana, muka yi ta bincike, sai ga wata 'yar tsaga a ƙarƙashin leɓensa, siririya kamar gashin gira.

To, ya kai mai karatu, wannan hikima da kowace uwargida ta sani in za ta sayi tukunya ko randa, ita ce masana suka ɗauka suka tace, har ta zama fanni mai zaman kansa, wanda da shi ake binciken fikafikan jirgin sama da bututun mai da tankunan matata. Bambancin kawai shi ne, su ba da farce suke ɗallewa ba, kuma sautin da suke aikawa kunnen ɗan Adam ba ya riskarsa, domin iyakar jinmu girgiza 20,000 ce a daƙiƙa, alhali nasu yakan kai dubu ɗari, har miliyan da ɗoriya. Ɗan faifai ne suke manna wa ƙarfen, bai fi kwabo faɗi ba, wanda in an sa masa lantarki sai ya motsa, in kuma an motsa shi sai ya ba da lantarki, ɗabi'ar da 'yan'uwa biyu, Pierre da Jacques Curie, suka gano a jikin wasu duwatsu a Faransa a 1880. Ke nan faifai guda ya zama baki, ya kuma zama kunne. Wannan ita ce muƙaddima, mu wuce ga abin ajabin.

Abin ajabin shi ne, sauti in ya shiga ƙarfe mai kauri yakan miƙe abinsa kamar yadda yake yi cikin ruwa, amma in ya shiga falle siriri, inda fuska ta sama da ta ƙasa suka matse shi ya rasa inda zai bazu, sai tafiyarsa ta rabu gida biyu, kowace da siffarta da saurinta. A ta farko, fuskokin fallen biyu suna kumbura tare suna lotsawa tare, kamar yadda kake ganin maƙogwaron raƙumi sa'ad da kurɓin ruwa ke bin junansu zuwa ciki. Wannan ita ce mai gaggawa, tana cin fiye da mita 5,000 a daƙiƙa cikin baƙin ƙarfe, alhali sauti a iska bai wuce kimanin mita 340 ba. A ta biyu kuwa, fallen ne gaba ɗaya ke lanƙwasa sama da ƙasa, tamkar tabarmar da aka kama bakinta ana kakkaɓewa. Wannan ita ce mai nawa, kuma ita ce ta fi ɗaure mini kai, domin ba ta da sauri guda tsayayye. Siririyar murya tana riga kakkaura isa, kuma in fallen ya ƙara sirancewa dukkansu sai su ƙara jinkiri. Saboda haka bugu ɗaya tak, wanda ya tashi a dunƙule, yakan isa nesa a warwatse, kamar ayarin alhazan dā da ke fita ƙofar gari a tare, amma kafin a kai Fashir masu dawaki sun yi gaba, masu jakuna na biye, masu sanda da gora suna can baya.

Dubi fa'idar da ke cikin wannan nawa. Tun da saurin tafiyar ya rataya ne ga kaurin fallen, to duk inda tsatsa ta ci shi daga ciki, ko da fenti na nan lumui a zahiri, sautin zai makara da wani ɗan lokaci da ake ƙidaya shi da kashi-kashi na miliyan na daƙiƙa, na'ura kuwa ta rubuta. In kuma tsaga ce a hanya, sai wani sashe ya komo baya kamar amsa-kuwwa, wani sashe ma ya sauya sheƙa daga tafiyar raƙumi zuwa ta tabarma. In an manna faifai uku ko huɗu a kusurwoyi, aka gwama lokacin da amsar ta iske kowanne, sai hisabi ya nuna wurin aibin, a zo da alli a kewaye shi. A dā sai ma'aikaci ya bi falle taƙi bayan taƙi da na'urar auna kauri, yanzu daga wuri guda ana sauraron mitoci da dama, a bututu ma har gomman mitoci, abin da ba ƙaramar rahama ba ne ga ƙasa irin Sudan, wadda bututun manta da aka buɗe a 1999 ya taso daga Hijlij ya nufi Bahar Maliya, tafiyar kimanin kilomita 1,600.

Wanda ya fara bayyana waɗannan tafiye-tafiye biyu bai taɓa ganinsu ba, bai kuma ji su ba. Sunansa Horace Lamb, shehin malamin ilmin hisabi a Jami'ar Manchester ta Ingila, wanda a 1917, yana da shekara sittin da bakwai, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, ya zauna da alƙalami da takarda ya warware mas'alar, ya tabbatar da hujja cewa lalle haka falle zai yi, har ya nuna cewa in an ƙara sirantar da muryar wasu tafiye-tafiyen za su yi ta ɓullowa ba iyaka. Ya rasu a 1934. Wani Barashe, Sergei Sokolov, ya kawo shawarar neman aibin ƙarfe da irin wannan sauti a ƙarshen shekarun 1920, wani Ba'amurke kuma, Floyd Firestone, ya sami takardar mallakar na'urar amsa-kuwwa a 1942. A 1961, shekara arba'in da huɗu bayan rubutun Lamb, wani masani mai suna Worlton ya wallafa gwajin da ya auna hisabin da ƙarfe na haƙiƙa, ya iske sun dace. Har yau da sunan Lamb ake kiran waɗannan igiyoyin sauti.

In kana tambayar me ya haɗa wannan bahasi da Khartum, to ga wani labari da ya kamata mutanen garin su riƙe. Ran 2 ga Mayu 1952 jirgin fasinja mai injin jet na farko a duniya, wanda ake kira Comet, ya tashi daga Landan da fasinja 36 zuwa Johannesburg, kuma cikin zangunan da ya yada akwai Rum da Bairut da Khartum da Entebbe da Livingstone. Wannan jirgin da kansa, ba wani ɗan'uwansa ba, shi ne ya tarwatse a sararin sama ran 10 ga Janairu 1954 kusa da tsibirin Elba, jim kaɗan bayan tashinsa daga Rum, mutum 35 suka halaka. Ran 8 ga Afrilu na shekarar wani Comet ya bi sahunsa kusa da Naples da mutum 21. Masu tahaƙiƙi a Farnborough ta Ingila suka tsoma gangar jikin wani jirgin cikin ƙaton tankin ruwa, suna cika ta suna sassautawa domin kwaikwayon hawa da sauka, har ta yage bayan kimanin sau 3,000, in an haɗa da tafiye-tafiyen da jirgin ya riga ya yi. Illar ita ce gajiyar ƙarfe: fatar jirgin, wadda a wurare da yawa ba ta kai kaurin milimita ɗaya ba, tana buɗa ƙananan tsagogi daga ramukan ƙusoshi kusa da kusurwoyin tagogi, suna rarrafe a ɓoye tafiya bayan tafiya. Irin wannan aibi na baɗini shi ne abin da masu faifan nan ke farauta a yau.

Sai dai Khartum za ta ba mai wannan sana'a wahala ta wata fuska, wato zafi. Hanyar da aka fi bi ita ce a ɗauki muryar ƙarfe yana da lafiya a ajiye, daga baya a riƙa gwamawa, amma zafi yana sauya saurin sauti cikin ƙarfe, ta yadda muryar sanyin asuba ba ita ce ta azahar ba, balle a garin da zafin watan Mayu ke haura digiri 40. Wanda bai yi la'akari da wannan ba, sai ya yanke wa lafiyayyen ƙarfe hukuncin cuta, ko mafi muni, ya wanke mai cutar.

Ga kuma gadoji. Gadar Shuɗin Nilu mai ɗauke da titin jirgin ƙasa, wadda ta haɗa Khartum da Bahri, an gama ta a 1909, tsohuwar gadar Farin Nilu da ke kai mutum Umdurman kuwa a 1926, dukkansu na ƙarfe ne da aka ɗinke da ƙusoshi. Ta farkon ta fi rabin kilomita tsawo, kuma bisa hisabi, da ƙarfenta miƙaƙƙe ne guda, aka buga guduma a wancan bakin kana kange da kunne a wannan, da sau biyu za ka ji bugun, na ƙarfe cikin kimanin ushurin daƙiƙa, na iska sai bayan daƙiƙa ɗaya da rabi. Wani Bafaranshe, Biot, ya yi irin wannan gwaji a bututun ruwan birnin Paris tun 1808.

Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu 2023 ya karya gadar Shambat a watan Nuwamba na shekarar, kuma abin da ya karye kowa ya gan shi. Abin tsoro yana ga wanda ya tsaya a tsaye bayan ya sha girgizar harsasai da nauyin motocin yaƙi, domin tsayuwa ba shaidar lafiya ba ce. Kirana ga hukuma da injiniyoyin da za su ɗauki amanar sake gina wannan birni, Allah Ya gaggauta masa da zaman lafiya, shi ne kada a yi wa gada ko tanki fenti a buɗe wa jama'a sai an saurare shi falle bayan falle.